Huhu Takwas Masu Jan Ƙyalle

A gidanmu na Zango, unguwar Hausawa a ƙasar Asantawa, goro ya fi 'ya'ya gata. Shi ake fara dubawa da safe, a yayyafa masa ruwa, a canza masa ganye, kafin wani ya tambaya ko mun sha koko. Ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan nasa ne, mu kuwa muna can inda kwanon rufi ke gasa mu kamar masara. Tun ina ƙarama na ƙullaci goro a kan wannan son kai, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Babana maigida ne, irin maigidan da 'yan kasuwar goro ke nufi. Fatake su taso daga Arewa su sauka a wurinsa, ya ba su ɗaki da tuwo da ruwan alwala, ya nemo musu goro daga ƙauyukan daji, ya tsaya a kan kayansu har a loda a mota. Haka kakana ya yi a wannan gida, da waɗannan ɗakuna shida da ke jere bayan zaure. Ina yarinya, in sabon goro ya shigo, ba ka samun wurin sa ƙafa. Takalma da butoci a ƙofar kowane ɗaki, Sakkwatanci da Kananci da Hausar Nijar suna ta karo a tsakar gida. Tukunyar da mahaifiyata ke tuƙa tuwon baƙi, ni da ƙanwata mukan shige cikinta mu ɓuya in an wanke ta.

Goro in an zaɓe shi, sai a shimfiɗa ɗanyen ganye, a zuba, a lulluɓe, a ɗaure tam da igiya. Wannan ƙunshin shi ne huhu. Baba ya san kowane huhu da ka: daga wane ƙauye ya fito, yaushe aka ɗaure shi, wa zai ɗauka. Bai taɓa rubutawa ba. In ka ce ya rubuta sai ya taɓa goshinsa ya ce wannan littafin ruwa ba ya jiƙa shi. Gaskiya ne ruwa ba ya jiƙa shi, amma tsufa yana cinsa a hankali, kuma ni ce na fara lura.

Ni na shigo da na'ura gidan, kuma ba zan yi mata butulci ba. Kwamfutar da na fara taɓawa a makaranta ta kai ƙaramin firji, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Da na gama karatu na sayi ta hannu, kwance, a kasuwar Adum. Ba a yi wasu shekaru ba wayar da ke tafin hannuna ta fi ta sauri, ga araha, har mai sayar da ƙosai a bakin layinmu tana da irinta. Sai na ga ba dalilin da zai sa Baba ya ci gaba da ɗaukar kasuwa sukutum a kansa.

Na fara da maƙala wa kowane huhu lamba. Waya ta riƙe ƙauyensa da ranar ɗaurinsa da mai shi. In lokacin kwance huhu ya yi don a duba sankara, tsutsar nan da ke cin goro ta ciki, waya ce ke yi mini ƙara. Da, sai mun ji wari muke tunawa. Manomi a ƙauye yakan turo hoto kafin mu tura mota, alhali da Baba yakan wuni a tiroto, 'yar motar hayar nan, ya isa ya tarar an riga shi. Direba in ya kama hanyar Arewa ina ganinsa a fuskar waya, ɗan ɗigo yana rarrafe, ba sauran ya ce taya ta fashe alhali yana gidan amaryarsa a Tamale. Asara ta ragu, Baba ya samu barcin rana. Duk wanda ya ce waɗannan ba alheri ba ne, bai taɓa zubar da ruɓaɓɓen goro a kwata da hannunsa ba.

Sai dai fatake suka daina zuwa. Me zai kawo su? Mutum yana zaune a rumfarsa a Kano, in nuna masa goro a bidiyo, in fasa ɗaya ya ga cikinsa, ya ce a loda. Ba ya kwana a hanya, ba ya fama da masu shingen kan iyaka. Su ma sauƙi suka samu, ban ga laifinsu ba. Ɗakuna shida suka koma ɗaya na ajiya, biyu na haya, sauran a kulle. Tukunyar mahaifiyata ta koma bayan madafa tana tarar ruwan sama. Baba bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Da yamma dai yakan zauna a zaure shi kaɗai, in na wuce ya ce, “Yau wa da wa suka kira?” In lissafa masa. Ya ce, “Kin gaishe mini da su?” In ce na gaishe su, ko da ban yi ba.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Wani dattijo ne daga Sakkwato, dogo, siriri, wanda mahaifinsa ya sauka a wurin kakana, shi kuma ya gaji ɗakin kamar yadda Baba ya gaji makullin. Mu yaran gida Baba Alhaji muke ce masa. Yana da 'yar ƙaramar waya mai madannai, amma bai taɓa kira ya ce yana tafe ba. Na taɓa yi masa magana, ya ce, “'Yata, mutum ba ya aika saƙo cewa zai zo gidansu.” Kowace shekara, in sabon goro ya kankama, wata rana kawai sai mu ji sallamarsa.

Shi da Baba suna riƙe da wata tsohuwar al'ada da ke ba ni haushi ƙwarai: ba a yi wa baƙo maganar ciniki sai ya kwana uku. Ya huta, ya ci, ya zaga gaisuwa, a rana ta uku maigida ya kai shi ɗakin goro. Kwana uku! Ni a kwana uku na sallami mota biyu na karɓi ta uku. Nakan wuce su suna shan shayi in yi tsaki a cikina.

Akwai kuma jan ƙyalle. Kowace shekara Baba yakan zaɓi goriya, wato manyan goro masu kyau, daga wani ƙauye guda da ke gaba da Ofinso, ya ɗaure huhu takwas da hannunsa, ya ƙulla wa kowane ɗan tsinken jan ƙyalle a igiya, ya jera su a kusurwar ɗakin sanyi. Tun ina rarrafe nake ganinsu. Abin da ka buɗe ido ka gani ba ka tambayar dalilinsa. A zatona jan ƙyalle alamar goro mai kyau ce kurum. Da na zo da lambobina Baba ya ce in bar masa waɗannan, na bar masa, na ɗauka rigimar tsufa ce.

A shekarar da nake ba da labari aka yi wa Baba aikin yanar ido. Ya ɗaure takwas ɗinsa tukuna, sannan ya tafi asibiti. Ya dawo da bandeji, likita ya ce ba sunkuyo, ba ɗakin goro, ba hayaniya. Kasuwa gaba ɗaya ta dawo hannuna, ni kuwa abin nema ya samu. Na ƙudurta cewa ranar da za a kwance masa ido zai ga ɗaki fes, komai a kan tsari, ya san 'ya mace ma ta isa.

Na shiga ɗakin sanyi na maƙala wa komai lamba, har da takwas ɗin. Da waya ta tambayi mai su, ban da sunan da zan sa, sai na bar gurbin fayau. Ita kuwa waya ba ta san kara ba. Duk abin da ba shi da mai shi, na sayarwa ne, nan take ta baje hotonsu ga duk masu saye a wurinmu. Kafin shayin da na zuba ya huce, wani ɗan kasuwa daga Kano ya turo saƙo yana son takwas ɗin duka. Na ce na sayar.

Muna da wata tsohuwa Ba'asantiya da ke zaɓen goro a gidanmu tun kafin a haife ni, kowa Maame yake ce mata. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. Tana ganin masu lodi sun nufi kusurwar sai ta ajiye faifanta.

“Madam Kwamfuta, wannan goro yana da mai shi fa.”

“Wane ne, Maame? Ga waya, duba, ba sunan kowa.”

“Ni ban san waya ba. Amma babanka in ya ɗaura ja, ba mai taɓa shi koraa, ko kaɗan. Je ka tambaye shi.”

“Baba yana barci. Likita ya ce kar a dame shi.”

Ta dube ni ta ce, “Yoo,” ta koma kan faifanta. Duk wanda ya zauna da Asantawa ya san irin wannan “yoo” ɗin: ka ji, ka ƙi ji, jikinka zai gaya maka.

Ba barcin Baba ne ya hana ni tambaya ba, girman kai ne. Taku goma ne tsakanina da ɗakinsa. Na sa reza na yanke ƙyallayen da hannuna, na cusa su a aljihun jaka, mota ta tashi kafin la'asar. Har daɗi na ji da na ga kusurwar ta yi wayam.

Bayan kwana biyu, an fito sallar la'asar ke nan, tasi ta tsaya a ƙofar gida. Baba Alhaji ya fito da jakarsa da butarsa da naɗaɗɗiyar dardumarsa. Yana yin sallama Baba ya amsa daga ɗaki, da wata murya da rabon da in ji ta tun kafin asibiti. Aka riƙo hannunsa zuwa zaure. Suka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, ta gida da gajiya da ruwa da iyali, har da tambayar mutanen da ni ban san suna duniya ba. Na kawo ruwa na durƙusa na gaishe shi. Da zan tashi Baba ya ja gefen mayafina ya ce a hankali, “Ki ce wa Maame ta yayyafa wa na Alhaji ruwa.”

Na ce, “Wanne, Baba?”

“Masu jan ƙyalle mana.”

Ban san yadda na kai tsakar gida ba.

Sai da baƙo ya shiga ɗakinsa ya huta sannan na samu Baba na faɗa masa komai. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ko na samu abin da zan mayar wa martani. Bai yi ko ɗaya ba. Na yi maza na zaro waya na ce, “Baba, motar ba ta ƙetare iyaka ba, ga ta nan kusa da Bolga, ina ganinta. Yanzu zan kira direba ya juyo.”

Ya ce, “Kin ce wa mutumin Kano kin sayar?”

“Na ce.”

“To ciniki ya faɗa. Ba a wanke kunya da kunya.”

Na ce ai goro ne, za a samu wani. Ya girgiza kai. “Ba ki gane ba. A sana'ar nan maigida ba ya korar baƙo da baki. In ya gaji da shi, sai baƙon ya zo ya tarar ba a ajiye masa kayansa ba. Shi ke nan, ya fahimta. Ba zai tambaya ba, ba zai nuna fushi ba. Zai yi godiya ya ɗauki jakarsa, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba.” Sannan ya ce, “Shi kaɗai ya rage mini.”

Wannan maganar ta fi mari zafi. A ranar na fara gode wa Allah da al'adar kwana uku da nake yi wa tsaki, don ita kaɗai ce ta tsaya tsakanina da abin da na jawo.

Na koma ga wayar da ta jefa ni rami, na ce ita za ta fitar da ni. Na kira manomin ƙauyen nan na gaba da Ofinso, ya ce goriyarsa ta ƙare tas, Baba ne ya kwashe ta farko. Na tura saƙon murya ga duk manoman da muke hulɗa da su, da 'yan goron Zango da na unguwar Aboabo, na ce ina neman goriya, ta gani ta faɗa, kafin jibi. Ban faɗi dalili ba, amma Zango ba a ɓoye mata komai. Hotuna suka yi ta shigowa. Wannan yana da rabin huhu, wancan yana da kwando biyu, wani tsoho da suka daɗe ba sa ga maciji da Baba ya aiko da huhu guda cur, ya ce a gaishe da mai ido. Abin da a zamanin kakana sai an yi mako biyu ana yawon ƙauyuka, na haɗa shi ina tsaye a bayan madafa.

Aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta yi ta sauke mana goro ta ƙofar baya don kar baƙo ya gani. Ni da Maame muka zauna zaɓe. Rabona da faifai tun ina 'yar makaranta, yatsuna sun manta. In na jefa goro a kwandon masu kyau sai ta tsamo shi ba tare da ta dube ni ba, ta juya shi, ta nuna mini ɗan ɗigon da sankara ta shiga. Ba ta ce “na gaya maka” ba ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya kawai ta ce, “Madam Kwamfuta, waya bai iya zaɓe ba?” Na ce bai iya ba. Ta ce, “Ahaa.”

Tsakanin zaɓe nakan kai wa tsofaffin abinci a zaure. Da can nakan ajiye in juya, wannan karon tsoro ya sa na riƙa jinkirtawa ina sauraro, ko maganar goro za ta taso. Ba ta taso ba. Hirarsu ta jirgin fiton Yeji ce, da shekarar da motarsu ta kafe a laka suka kwana huɗu suna cin gari da ruwa, da wane ya rasu, da wane ya makance. Baba da bandejinsa, Baba Alhaji da carbinsa, shayi yana hucewa a gabansu. Na ga Baba yana dariya har yana dafe idon da aka ce kar ya motsa.

Da hantsin rana ta uku huhu takwas suna jere a kusurwarsu. Na zaro ƙyallayen daga jaka na ƙulla wa kowane nasa. Da ido dai ba ka ce komai ba.

Na riƙo hannun Baba muka shiga ɗakin sanyi, Baba Alhaji yana biye, Maame tana bakin ƙofa tana yi kamar shara take. Baba Alhaji ya tsuguna a gaban huhun farko. Bai kwance ba tukuna, sai da ya kama ƙyallen ya murza shi tsakanin yatsunsa. Ashe Baba yana da irin ƙullinsa, ni kuwa na yi musu ƙullin ɗankwali. Ya kwance igiya, ya ɗaga ganye, ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya gutsura. Ya ɗauki wani daga ƙasa ya gutsura. Goron wuri biyar ne a huhu ɗaya, kuma harshen da ya shekara hamsin yana ɗanɗana ba a yi masa wannan wayon.

Ya ce, “Maigida, hannunka ya canza.”

Baba ya ce, “Tsufa ne, Alhaji. Ga kuma ido.” Rufa mini asiri yake yi, a gabana, da ƙaryar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Baba Alhaji ya ce, “Haka ne.” Ya mayar da ganyen a hankali, ya gyara shi kamar mai lulluɓe jariri. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. “To, Maigida, Allah ya saka da alheri. Shekarun da yawa. An sha ɗawainiya da mu, tun daga iyaye. Allah ya bar zumunci.”

Na dubi Baba. Sai na gane abin da nake ji. Ba godiyar goro ba ce, ban kwana ne. Tsohon ya ɗauka Baba ya daina zaɓar masa da hannunsa, an dai tattaro masa na kasuwa don a fita kunya. Duk wahalar da na sha ta kwana biyu ba ta gyara komai ba, ta dai sa korar ta yi kama da ladabi.

Ni mutum ce mai taurin kai, ban iya ba da haƙuri ba, duk gidanmu an sani. Amma na zube a kan gwiwoyina a jiƙaƙƙen simintin nan na ce, “Baba Alhaji, ba shi ba ne, ni ce.” Na faɗa masa duka. Na ce Baba ya zaɓa, ya ɗaure da hannunsa kafin ya tafi asibiti. Na ce Maame ta hana ni na ƙi ji. Na ce ni na yanke ƙyallen, ni na sayar, goronsa yana Kano yanzu a bakin wasu. Har wayar na miƙa masa ya ga hoton takwas ɗin na asali, da ƙullin Baba a jikinsu, don hoton yana nan tun ranar da na baje su. Ina magana ina kuka, abin da na tsana a gaban mutane.

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan ƙullinsa ne.” Ya sake cewa, “Wannan ƙullinsa ne,” kamar mai gaya wa kansa. Sannan ya koma ya zauna a kan wani huhu, abin da ba a yi a ɗakin nan, ba wanda ya hana shi.

“Tashi, 'yata. Tunda kin faɗi taki, bari in faɗi tawa. Shekara huɗu ke nan da na bar wa yara rumfa. Su ma da irin wannan abin suke saye, ba sa ko tambayata. Goron da nake ɗauka a nan, ko ɗaya ba na sayarwa. Rabawa nake yi, a masallaci, da gidajen suna, da ɗaurin aure.”

Na ce, “To, Baba Alhaji, me ya sa kake shan wannan doguwar hanya?”

Ya harare ni kamar na yi tambayar wauta, kuma ita na yi. “Namiji ya kwana biyu a mota, ya ƙetare ƙasa biyu, a tambaye shi me ya kawo shi, ya ce kewa? Ai sai da dalili.”

Baba ya ce, “Na sani, Alhaji. Tun shekarar farko.”

“Ka sani? Wa ya gaya maka?”

“Kai. Shekara arba'in ba ka taɓa buɗe huhuna ba ka kushe ba. Wannan ya yi ƙanana, wancan ya sha ruwa. Rana ɗaya ka buɗe ka ce madalla. Na ce shi ke nan, Alhaji ya bar kasuwa.”

Maame ce ta fara fashewa da dariya daga bakin ƙofa. Tsofaffin biyu suka bi ta, kowa yana kallon wani gefe, don kar su haɗa ido ko da ɗayansu ba ya gani. Baba Alhaji ya sake ɗaukar goro ɗaya ya juya shi ya ce, “To tunda haka ne, wannan ya sha ruwa.” Ya ƙara kwana huɗu a kan yadda ya saba, ya tafi da takwas ɗinsa.

Daga wannan shekarar na gyara tsarina. Kafin waya ta nuna wa kowa komai, tana fara cire huhu takwas ta ajiye gefe. A gurbin mai su na rubuta “Baƙo”. Gurbin lambar waya na bar shi fayau, ita kuma ta yi ta yi mini gargaɗi cewa bayani bai cika ba, na ƙyale ta. Na kuma koyi gaishe da masu kira da gaske, ba don Baba zai tambaya ba.

Baba Alhaji ya sake zuwa sau biyu. A shekara ta uku, takwas ɗin suna jere da ƙyallensu, muna ta sauraron tasi, sai saƙon murya ya shigo wayata da hantsi daga wata lambar Najeriya. Babban ɗansa ne. Ya ce Alhaji ya rasu jiya bayan azahar, an yi jana'iza, kuma jakarsa a haɗe take, da buta da darduma. Labarin da a da sai ya yi wata a hanya kafin ya iso, ya iso mini cikin ƙiftawar ido, ni kuwa na fi rabin sa'a a tsaye a ƙofar zaure na kasa kai shi taku goma.

Da na faɗa wa Baba ya yi salati, ya yi masa addu'a. Can na tambaye shi yadda za a yi da goron. Ya ce, “Bari su kwana uku.” A rana ta uku ya kwance su da kansa, aka kai masallacin unguwa aka yi addu'a, aka raba wa duk wanda ya miƙo hannu. Ƙyallayen ya ninke ya sa a aljihu.

Bana da sabon goro ya shigo ya kira ni ɗakin sanyi. Hannunsa yanzu rawa yake yi, ba ya iya jan igiya. Ya sa ni na zaɓi goriya yana taɓa kowace ɗaya, na ɗaure huhu takwas, ya zaro ƙyallayen ya koya mini ƙullinsa. Sau shida ina yi yana kwancewa.

Na ce, “Na wa ne, Baba?”

Ya ce, “Na wanda ya yi sallama.”

Mako uku ke nan, ba wanda ya zo. Masu saye biyu sun ji labarin goriyar sun kira, na ce tana da mai ita. Kullum da safe nakan shiga in yayyafa musu ruwa kafin in kunna waya.